ALLURAR RIGAKAFIN CIWON DAJIN BAKIN MAHAIFA: DARASI DOMIN HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan darasi ne sabo da wata tambaya da ta ke yawan zuwa ƙofar gidan hakimi tun shekarar 2023. Magidanci ya kan zo ya faɗi ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ce an aiko daga makaranta, ko daga ɗakin shan magani, wai za a yi wa 'yarsa wata allura wadda ba a yi wa yara maza, ga shi kuwa yarinya lafiyarta lau. Ya yarda, ko kada ya yarda? In hakimi ya ce a yi, ya ɗauki nauyi. In ya ce a bari, nan ma ya ɗauki nauyi. In kuwa ya yi shiru, mutumin zai koma ya kama maganar wanda ya fi kowa ɗaga murya a majalisar bakin kasuwa. Don haka ya kamata iyayen ƙasa da malamai masu riƙe da alƙalamin gunduma su san allurar nan, su san cutar da a ke yin ta dominta, su kuma san iyakar abin da ta ke iya yi.

Cikin maganar akwai abubuwan da ba a saba faɗa gaban manya ba. Muna neman gafara tun da wuri, don ba yadda za a yi bayanin cuta ba a ambaci inda ta ke kamawa ba.

CUTAR

Mahaifa tana da ƙofa daga ƙasa, wadda ta ke a rufe muddin mace tana da ciki, ta buɗe ran haihuwa. Ita ce a ke kira bakin mahaifa. Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, ya kan tsiro a wannan wuri, ya yi ta cin nama a hankali har ya kai ga mafitsara da hanji da ƙashin baya.

Mugun halin wannan ciwo shi ne ba ya nuna kansa da fari. Mace ta kan yi shekaru da shi tana daka, tana ɗaukar ruwa, tana goyo, ba ta san kome ba. Sa'ad da alamu za su fito, ga yadda su ke: zubar jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa da miji, ko kuwa jini ya komo wa matar da ta riga ta daina al'ada, ruwa mai wari da ba ya jin magani, ciwon mara da na baya da ba ya sauka. A ƙauyukanmu in an ga haka sai a ce sanyi ne, ko iska, ko sammun kishiya. A yi ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi wata da watanni, kunya kuma ta hana matar faɗa wa ko da mijinta. Kafin a ɗauke ta zuwa asibiti an sayar da akuya, an sayar da hatsi, ciwo kuwa ya riga ya wuce inda wuƙar likita za ta iya cim masa. Abin da ya rage sai ƙona shi da hasken na'ura, irin na'urar nan kuwa sai a manyan asibitoci ƙalilan, kamar na Shika a Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Kowa ya san abin da tafiya irin wannan ta ke ci wa talaka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kamar 660,000 suka kamu da wannan ciwo a duniya, kamar 350,000 kuma suka mutu, kashi 94 bisa 100 na mamatan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya, lissafin shekarar 2020 ya nuna mata kamar 12,000 sun kamu, kamar 8,000 sun mutu. In malam ya raba 8,000 bisa kwanakin shekara zai sami mace 22 ko wace rana. Yawancinsu kuwa ba tsofaffi tukuf ba ne, matan da ke tsakiyar renon 'ya'ya ne.

MAFARINTA

An daɗe ana zaton ciwon nan yana da alaka da zaman aure. Tun a shekarar 1842 wani likita a birnin Verona na ƙasar Italiya, mai suna Rigoni-Stern, ya bincika littattafan mamata na garin, ya lura ciwon dajin mahaifa ya fi yawa ga matan aure da zawarawa, da wuya kuma a same shi ga matan nan na addinin Kirista da ke ƙaurace wa aure har mutuwa. Amma bai san dalili ba. Sai bayan shekara 140, a 1983 da 1984, wani Bajamushe, Harald zur Hausen, da abokan aikinsa suka gano iri biyu na wata ƙwayar cuta cikin naman dajin kansa. Sabo da wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 2008.

Likitoci suna kiran ƙwayar HPV. Ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. Danginta sun fi iri 200, an kuwa ba ko wane iri lamba maimakon suna. Yawancinsu ba su da wani lahani. Waɗansu, musamman mai lamba 6 da mai lamba 11, su kan fid da 'yan tsiro-tsiro a al'aura, masu ban kunya amma ba masu kisa ba. Iri 12 zuwa 14 su ne masu jawo daji, cikinsu kuwa biyun nan da Bajamushen ya gano, mai lamba 16 da mai lamba 18, su kaɗai ke da alhakin kamar 7 cikin ko wane 10 na dajin bakin mahaifa.

Ƙwayar tana wucewa daga jiki zuwa jiki wajen saduwar namiji da mace, ta shiga ta 'yar ƙujewar fata da ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba ta kama da ciwon sanyi ko tunjere, waɗanda mai su ya kan ga alama ya nemi magani. Mai ɗauke da ita, namiji ko mace, ba ya jin kome, ba ya ganin kome. Yawanta kuwa ya kai har masana suka ce kusan duk wanda ya yi zaman aure, ko wata saduwa, zai gamu da ita sau ɗaya a rayuwarsa. Abin godiya, cikin mutum 10 da suka ɗauka, kamar 9 jikinsu ya kan kashe ta da kansa kafin shekara biyu, ba su ma san an yi ba. Ragowar su ne abin tsoro. A jikinsu ƙwayar ta kan zauna a bakin mahaifa tana sāke halittar naman wurin kaɗan-kaɗan, sai bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya zama daji. Ga matar da garkuwar jikinta ta raunana, kamar mai ɗauke da ƙanjamau, shekara 5 zuwa 10 sun isa, haɗarin kamuwarta kuma ya ninka na sauran mata sau 6. Haihuwar fari da ƙuruciya, da yawan haihuwa, da shan taba, duk suna ƙara haɗarin.

YADDA TA KE SHIGA GIDAN MUTUNCI

A nan ne mu ke roƙon a tsaya a duba da kyau, don nan ne yawancin gardama ta ke. Da magidanci ya ji an ce cutar ta saduwa ce, sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Ni 'yata tarbiyya gare ta, daga gidana sai ɗakin mijinta. Me ya haɗa ta da allurar 'yan iska?" Fushinsa na mai kishin gidansa ne, ba a kuwa raina shi. Amma lissafinsa bai cika ba.

A ce ga yarinya an kai ta ɗakin miji budurwa, ba ta taɓa sanin kowa ba. Mijin nata mutumin kirki ne, bai taɓa kusantar haram ba, sai dai ya taɓa auren wata bazawara shekarun baya suka rabu. Bazawarar ita ma ba ta da laifi, daga mijinta na fari ta ɗauka, shi kuma daga wata matar tasa. Ga mutum biyar ke nan an jera, ko wanne da aurensa na sunna, da shaidu da sadaki, ƙwayar kuwa ta bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya har ta iso ga amarya. In mijin yana da mata uku, abin da ya shiga ɗaki ɗaya ya shiga sauran. Hakimi ya fi kowa sanin yawan aure da rabuwa da sāke aure a ƙasarsa, tun da ya ke ƙarar ta kan biyo ta zaurensa. Ko wane uba yana iya shaidar tarbiyyar 'yarsa. Babu uban da zai iya shaidar duk inda jikin surukinsa ya bi, balle na matan da surukin ya aura, balle na mazan da su matan suka aura kafinsa. Ita kanta yarinyar, wa ya san ko aure ɗaya Allah ya rubuta mata ko uku?

Daga wannan bayani abu biyu ke fita. Na ɗaya, karɓar allurar ba zargi ba ne ga yarinya ko ga gidansu. Na biyu kuwa, wanda a ganinmu ya fi na farko nauyi: matar da ciwon nan ya kama ba a tuhumarta da kome. In maganar allura ta sa mutane suka fara nuna marasa lafiya da baki suna cewa ga sakamakon yawo, to, an yi ɓarna wadda ta fi gyaran, don mata za su ƙara ɓoye ciwo har ya kashe su. Hakimi ya ja kunnen masu shela da masu wa'azi a kan wannan.

Akwai masu cewa in an yi wa yarinya allurar za ta ga an ba ta lasin lalata. An bincika wannan a ƙasashen da suka daɗe suna yi, ba a ga 'yan matan da aka yi wa sun fi sauran saurin sanin maza ba. Yarinya 'yar shekara 9 abin da ta sani game da allura shi ne zafinta.

Kada kuma maza su ɗauka su sun kuɓuta. Ƙwayar nan ta kan jawo musu dajin maƙogwaro da na dubura da na al'aura, ko da ya ke bai kai yawan na mata ba. Waɗansu ƙasashe, kamar Ingila da Ostareliya, suna yi wa yara maza ma. A nan an fara da mata ne domin su ke mutuwa da yawa, allurar kuwa ba ta wadaci kowa ba.

ALLURAR

Tushen aikinta daga Ostareliya ya ke, inda a 1991 wani likita, Ian Frazer, da abokin aikinsa ɗan ƙasar Sin, Jian Zhou, suka gano yadda za a ƙera ɓawon ƙwayar ba tare da cikinta ba. A 2006 Amurka ta ba da izinin amfani da allurar farko, mai suna Gardasil. Ita ce irin da aka kawo Nijeriya, tana kuwa tsare mutum daga iri huɗu, watau masu lamba 6, 11, 16 da 18.

Babu ƙwayar cuta mai rai cikinta, babu ma matacciya. Abin da ke ciki kamar kwasfar gyaɗa ne wadda babu ƙwaya, ana kuwa samo shi ta hanyar yis, dangin wanda masu burodi ke kwaɓi da shi. Kwasfa ba ta tsira in an shuka. Amma da ta shiga jiki, sai dakarun jini su ɗauka abokin gaba ne ya zo, su yi shiri, su riƙe kamanninsa. Kamar a nuna wa dogarai rigar ɓarawo ne tun bai shigo gari ba. Ran da ya zo da kansa, a bakin ƙofa za a kama shi.

Wannan shi ne dalilin da ya sa a ke yi wa yara ƙanana. Allurar tana hana ƙwayar shiga, amma ba ta fid da wadda ta riga ta zauna. Sabo da haka lalle ne ta riga aure. Jikin yarinya 'yar shekara 9 zuwa 14 kuma ya fi na babbar mace karɓar ta da ƙarfi. A ƙasar da a ke aurar da 'yan mata da yawa suna da shekara 15 ko 16, wanda ya ce a dakata sai ta girma ya ce a bari ke nan.

Da fari sau uku a ke yi, daga baya aka koma sau biyu. Sa'an nan aka gwada a ƙasar Kenya, aka ga allura ɗaya tak ta tsare 'yan mata daga masu lamba 16 da 18 da fiye da kashi 97 bisa 100. Da wannan da waɗansu shaidu irinsa, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda allura ɗaya ta isa ga yara masu lafiya. Wadda garkuwar jikinta ta raunana ita ce ke bukatar biyu ko uku, malamin asibiti zai faɗa.

Nijeriya ta fara ran 24 ga Oktoba 2023, a jihohi 15 da Abuja, cikinsu har da Kano, Jigawa, Bauci, Kabi, Adamawa, Taraba da Nasarawa. Ran 27 ga Mayu 2024 aka shiga sauran jihohi 21, har da Katsina, Kaduna, Sakkwato, Zamfara, Barno, Yobe, Gombe da Neja. A zagayen nan biyu an yi wa 'yan mata fiye da miliyan 12. Daga nan aka shigar da ita cikin jerin alluran yau da kullum, da nufin ko wace yarinya ta samu da ta cika shekara 9. Kyauta a ke yi a asibitocin gwamnati, a dantse.

KO TANA AIKI?

Tun da ya ke ciwon ya kan ɗauki shekaru kafin ya fito, sai da aka jira 'yan matan farko suka girma kafin a ga amsa. Yanzu an gani. A ƙasar Suwidin an bi sawun mata kusan miliyan 1.7, aka buga sakamako a 2020: waɗanda aka yi wa allurar kafin su cika shekara 17, dajin ya ragu a cikinsu da kashi 88 bisa 100. A Ingila, sakamakon 2021 ya nuna ragin kashi 87 ga waɗanda aka ba suna da shekara 12 zuwa 13, amma kashi 34 kaɗai ga waɗanda aka ba suna da 16 zuwa 18. Malam ya lura da tazarar nan, ita ce hujjar yin ta da wuri. A Sikotilan kuwa, inda aka fara a 2008, binciken da aka buga a 2024 bai sami ko mace ɗaya mai dajin ba cikin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 ko 13.

MAGANAR HANA HAIHUWA

Wannan ita ce babbar jita-jita, ba kuwa za mu ce masu tsoron mahaukata ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200, aka ba kamar rabinsu sabon maganin, sauran kuma wani magani da aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk ma'aikacin da ya tsaya gaban jama'a ya ce ba a taɓa yin abin da zai sa su zargi ba, ya zubar da maganarsa tun bai fara ba.

Amma a tuna da abin da ya biyo baya. A 2003 aka yaɗa cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, aka dakatar da shi a waɗansu jihohin Arewa, Kano ta yi kusan shekara guda ba a yi ba, sai Yuli 2004. Yaran da shan inna ta kama a Nijeriya sun tashi daga kamar 200 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, cutar kuma ta tsallaka ƙasashe kamar 20. Yaran da suka sha ɗigon a lokacin yanzu su ne ke kawo goron sunan 'ya'yansu. Waɗanda aka hana, waɗansunsu suna nan bisa kekunan guragu, kowa yana ganinsu. Abin bai gyaru sosai ba sai da sarakuna suka sa hannu: a 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, hakimai da dagatai da masu unguwa suka shiga gida-gida. A 2016 aka ga shan inna ta daji ta ƙarshe a Nijeriya, a Barno, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka ta rabu da ita. Dattawa kuma za su tuna yadda a ke ɓoye yara cikin rumbu in an ji masu lamba sun shigo gari, ga shi tun 1980 aka shaida babu sauran agana a duniya.

To, wace shaida ke akwai game da wannan allurar? Ta farko, ba a kanmu aka fara ba. Trovan sabon magani ne da a ke gwadawa. Wannan kuwa ta shekara 17 ana yi wa 'ya'yan waɗanda suka ƙera ta kafin ta iso gare mu. Ostareliya ta fara a makarantunta a 2007, Abu Dabi ta ƙasar Larabawa a 2008, Maleshiya, ƙasar Musulmi, a 2010, Ruwanda a 2011. Ƙasashe fiye da 140 sun sa ta cikin alluransu. Ta biyu, an raba fiye da allura miliyan 500 a duniya, kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya yi ta duba rahotanni bai ga alaka tsakaninta da rashin haihuwa ba. 'Yan matan da aka yi wa a 2007 sun yi aure sun haihu. Ta uku, ran da aka fara a Nijeriya, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate, mutumin Misau, ya faɗa a fili cewa 'ya'yansa mata huɗu duka an yi musu ita.

Abin da ke hana haihuwa tabbas shi ne dajin kansa, don maganinsa sau da yawa cire mahaifa ne ɗungum, ko ƙona ta.

Ba a Afirka kaɗai jita-jita ke ɓarna ba. A Japan, a 2013, rahotannin tsoro suka sa gwamnati ta daina kiran iyaye su kawo 'ya'yansu, masu karɓa suka faɗo daga kamar kashi 70 zuwa ƙasa da kashi 1 bisa 100. Aka bincika ba a sami hujja ba, sai a 2022 aka komo ana kira, bayan 'yan matan shekaru kusan 9 sun wuce ba tsaro.

ABIN DA KAN BIYO BAYANTA, DA ABIN DA BA TA YI

Kada a ce wa mutane allurar ba ta da ko ɗan lahani, don ran da yarinya ta yi zazzaɓi za a ce hakimi ya yi ƙarya. Dantse ya kan yi ciwo ko ya ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu. Waɗansu su kan yi ciwon kai ko ɗan zazzaɓi. Waɗansu 'yan mata su kan ji jiri har su suma, yawanci don tsoron allura, in ɗaya kuwa ta faɗi a layi sai sauran su firgita. Sabo da haka a ke so yarinya ta ci abinci kafin ta zo, a yi mata tana zaune, ta kuma ƙara zama minti 15 kafin ta tashi. Akwai wanda jikinsa ke ƙin allura ƙwarai har numfashi ya toshe, amma wannan bai kai mutum 2 cikin miliyan ba, ma'aikata kuma suna zuwa da maganinsa. Ba a yi wa mai ciki, mai zazzaɓi mai zafi kuwa a kan jira ta warke.

Allurar ba ta warkad da daji, ba ta kuma tsare mutum daga ƙanjamau ko ciwon sanyi ko tunjere. Ko dajin bakin mahaifa ma ba duka ta ke tarewa ba, tun da akwai sauran iri masu lahani da ba ta ƙunsa ba. Ga iyayen yaran kuwa, waɗanda lokacin allura ya wuce su, hanyarsu ita ce awo. Ana so mace ta fara zuwa awon bakin mahaifa daga shekara 30, mai ƙanjamau daga 25. In an ga wurin ya fara sākewa tun bai zama daji ba, a kan kashe shi da ɗan ƙarfe mai zafi ko mai sanyi cikin 'yan mintoci, ta koma gida ran nan. Mazan da ke hana matansu zuwa don kada namiji ya duba su, a gaya musu suna iya neman ma'aikaciya mace.

Da za a tambaye mu, bayan an auna duk wannan, sai mu ce a yi. Ciwon dantse na kwana biyu ba a haɗa shi da abin da aka bayyana a farkon darasin nan. Amma yarda ta uba da uwa ce. Ba a tilasta wa kowa, ba a kuma tare yarinya a makaranta a yi mata iyayenta ba su sani ba. Allura ɗaya da aka yi a ɓoye tana iya rufe ƙofar ƙauye guda har shekara goma.

AIKIN HAKIMI DA NA MALAMINSA

Hakimi ya fara kiran shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya zo ya yi bayani gaban dagatai da limamai, a bar kowa ya yi tambayarsa har ya ƙoshi, ko da tambayar ta yi ɗaci. Hukuncin neman magani da rigakafi a shari'a na malamai ne, sun kuwa fi mu saninsa. Abin da su ke bukata daga gare mu shi ne sahihin bayanin abin da ke cikin kwalbar. Kada a manta da ungozomomi da malaman Islamiyya mata da uwargidan hakimi kanta, don maganar nan a tsakar gida za a yanke ta. In hakimi ya gamsu, kuma yana da 'ya ko jika da ta isa, babu shelar da ta kai a ga an fara da ita a ƙofar gidansa. In bai gamsu ba tukuna, gara ya ci gaba da tambaya da ya yi shelar abin da zuciyarsa ba ta kama ba.

Wurin da aikin ya fi yin rauni shi ne 'yan matan da ba su zuwa makarantar boko. A gundumomi da yawa su ne suka fi yawa, su ne kuma a kan fi aurarwa da wuri, watau waɗanda suka fi bukata su ne suka fi wuyar samu. Masu talla, da 'yan makarantar allo, da na rugagen Fulani, da na unguwannin da ruwa ke yankewa da damina, ma'aikacin lafiya ba shi da sunayensu. Mai unguwa ne ya san su.

Don haka malamin hakimi ya buɗe littafi. Ko wane mai unguwa ya kawo sunayen 'yan matan da suka cika shekara 9 a bana, da sunan mai gidan, da waɗanda suka ɗara haka amma zagayen 2023 da 2024 ya wuce su, domin a tambayi malamin asibiti abin da za a yi game da su. Inda ba a san shekarun yarinya ba, a kwatanta da wani abin da kowa ya tuna, kamar naɗin dagaci ko shekarar ambaliya. Gaban ko wane suna a bar gurbi uku: ran da aka yi, ko an ba ta kati, da abin da ya biyo baya in akwai. Wanda ya ƙi, a rubuta dalilinsa da kalmominsa, ba don a hukunta shi ba, don a san irin amsar da za a kawo masa. A gaya wa iyaye su adana katin tare da takardun gida, kada a biya kowa ko kwabo, wanda kuwa ya nemi kuɗi a kawo sunansa. Malam ya kuma duba da idonsa ko kwalaben suna cikin akwatin sanyi, don allurar tana lalacewa in ta sha rana, haka in ta daskare.

In wata yarinya ta yi rashin lafiya bayan allura, ko da ana zaton zazzaɓin sauro ne ya zo daidai da lokacin, a kai ta asibiti ran nan, malam kuma ya rubuta wa shugaban sashen lafiya takarda kafin rana ta faɗi, da sunan ƙauyen da ranar da aka yi allurar, ya ajiye kwafi ɗaya cikin littafin gunduma.